Yadda Mijin Yaya Ya Sanyaya Kwamfuta

Idan ka shiga falon mijin yayata ka zauna, kujera ce za ta fara gaishe ka da ƙiiii. Shekara goma sha ɗaya da sayen kujerun nan, amma har ranar da nake ba ku labari suna cikin ledar da aka kawo su da ita. Talabijin da ledarta, rimot da ledarsa, agogon bango ma sai ka ƙanƙance ido kafin ka hango ƙarfe nawa. Lokacin zafi kuwa in ka miƙe, kujerar sai ta biyo ka taku ɗaya kafin ta sake ka. Shi ya sa duk ginin da muke haya ba mai kiransa da wani suna sai Mai Leda, kuma yana amsawa da fara'arsa.

Aikinsa ne ya ɓata shi. A wani babban shagon kayan lantarki yake sayar da firji, inda in aka ɓare ledar kaya ko da kusurwa ɗaya ce, ya zama na hannu. Ya kwaso wannan doka ya kawo mana gida. Kullum maganarsa ita ce kaya yana fara mutuwa ne ranar da aka cire masa leda. Ga kuma cika baki. Tunda yana sayar da firji, duk abin da ake jona wa wuta a duniya shi ne ubansa.

Ni wanzami ne, shagona yana ƙasan ginin, kusa da kantin lemo, su Yaya suna sama. Yaya mataimakiyar ma'aikatan jinya ce, ta yi shekara uku tana karatu bayan tashi daga aiki don ta zama cikakkiyar ma'aikaciyar jinya. Jarrabawar ƙarshe ta rage mata, ranar Asabar ƙarfe goma na safe, awa biyu cur, ta intanet za a yi. An riga an yi wa kwamfutar gidansu rajista, an saka mata manhajar jarrabawa, ba a yarda a canza wata. In ta ɗauke ana tsakiya, shi ke nan, sai baɗi. Ranar Talata kuwa kwamfutar ta fara wani sabon hali: ta yi minti ashirin tana huci, sai ta ɗauke ɗif.

Yaya ta kira Injiniya, matar da ke gyaran kwamfuta a ƙarshen layinmu. Mace ce marar yawan magana. Ta buɗe akwatin, ta leƙa, ta nuna mana wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu.

Ta ce, "Wannan shi ne furosesa, shi ne ƙwaƙwalwar kwamfutar, kuma shi ke zafi. Wannan ƙarfen mai fanka da ke zaune a kansa shi ke janye zafin. Tsakaninsu akwai wani mai da ake ɗigawa don su haɗu sosai. Naku ya bushe, fankar ma ta gaji. Ku kawo min shago gobe, aikin rabin awa ne."

Mai Leda yana tsaye ya harɗe hannu a ƙirji. Ya ce, "Wato dai zafi ne matsalar?"

"Zafi ne."

"Kuma maganin zafi sanyi ne?"

"Haka ne."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi dariya har da buga cinya. "Jama'a, a gidan mai sayar da firji za a fita neman sanyi? Me mutane za su ce? Injiniya, mun gode, sha ruwa ki koma. Shekara goma sha huɗu ina sanyaya abin da ya ninka wannan akwati sau goma."

Yaya ta ce, "Baban yara, don Allah ka bar mata. Jarrabawata ce fa."

"Don jarrabawarki ce ba zan bar wa kowa ba. Zuwa jibi sai kin sa rigar sanyi kafin ki zauna a gabanta."

Injiniya ta ɗauki jakarta, ta dube ni, na dube ta. Yaya tana da aikin yini Alhamis da Juma'a, ba ta da lokacin rigima, sai ta yi shiru. Wannan shirun ta daɗe tana nadamarsa.

Ranar Alhamis Mai Leda ya sa na rufe shago na raka shi sayayya, wai in ga yadda masana ke cinikin kayan aiki. Muka shiga wani shagon kayan kwamfuta, ya dafa kanta ya ce a kawo masa man furosesa, mafi girma. Mai shagon ya ajiye masa wani ɗan sirinji da bai kai yatsana ba.

Mai Leda ya ɗaga shi sama ya ce, "Malam, kwamfuta na ce zan yi wa aiki, ba sauro ba."

"Wannan zai yi maka sau biyar ma. Ɗigo ɗaya ake sawa, kamar ƙwayar wake."

"Ƙwayar wake! Ka ji irin rowar da ke kashe wa mutane kaya. Ba ni shida."

Ya kuma zaɓi sabon ƙarfen sanyaya mai fanka, wanda ya fi kowanne ƙyalli. Mai shagon yana saka masa a jaka ya ce, "Amma fa kafin ka ɗora shi, ka tabbatar ka…"

Mai Leda ya ɗaga masa hannu. "Firji nake sayarwa, ɗan'uwa."

Mai shagon ya haɗiye sauran maganarsa, ya ba mu kayanmu.

Da muka dawo ya mayar da ɗakin karatun Yaya ɗakin tiyata. Ya aro farar rigar aikinta da ta tsaya masa a cibiya, ya sa safar hannu, ya ce kada kowa ya shigo, numfashin jahilai yana ɓata mai. Ya kulle ƙofa. Ni da Baba mai gida, tsohon da ke da ginin, muka tsaya a waje muna jin ƙwal-ƙwal. Can muka ji wani abu ya gangara ƙarƙashin gado, sai wata ashar ƙasa-ƙasa, sai kuma kabbara.

Bayan awa biyu ya buɗe, gumi har haɓa, bakinsa har kunne. Ya ce mu shigo mu shaida. Ya danna, kwamfuta ta kama, sabuwar fanka tana juyawa gwanin kyau. Ya ja kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya fara ba mu tarihin sanyi tun daga randar ƙasa. Bai kai ga ƙirƙiro firji ba allon ya yi baƙi.

Baba mai gida ya duba agogonsa ya ce, "Minti goma. Da ba ashirin take yi ba?"

"Wannan ai alamar nasara ce, Baba. Sabon mai ne, jikinta bai saba ba. Kai ma in aka canza maka magani ai kana jin jiri."

"Ni dai ban taɓa suma ba."

Da Yaya ta dawo da yamma ya tare ta a bakin ƙofa, ya ce an gama aiki, amma ba a kunnawa sai mai ya kwana ya kama jiki. Ta gaji, ta yarda. Ni kuma ya ja ni gefe ya ce in na buɗe baki zai daina aski a wurina. Mutumin da gashin kansa duka bai cika cokali ba.

Ranar Juma'a da safe ya yanke hukunci cewa man ne ya yi kaɗan. Ya sake kullewa, ya matse sirinji biyu. Kwamfuta ta yi minti bakwai ta ɗauke. Ya ce a'a, ashe man da ɗuminsa aka sayar masa, wane irin mai sanyaya ne ake ajiyewa a kan kanta? Ya jefa sirinji biyu cikin firiza, suka daskare, ya kasa matsawa, ya hau kan ɗaya da gwiwa. Abin ya yi tsartuwa ya zana masa layin toka daga gira zuwa kunne. Haka ya fito neman fankoki bai sani ba.

Ya bi ƙofa ƙofa. Matar da ke ɗakin ƙarshe ta ba shi tata, ta tambaye shi ko faɗuwa ya yi a kan siminti. Mai kantin lemo ya ba shi biyu, ya ce ko za a buɗe gidan kallo ne a sama. Ya ƙwace tawa ina tsakiyar aski. Ya haɗa da ta gidansa, ya kewaye kwamfutar da fanka biyar, ya kunna su gaba ɗaya, takardun karatun Yaya na shekara uku suka tashi sama suka yi ta taga. Sai ga mutanen layi suna bin zanen ƙoda da hanta a kan titi, wani mai babur ya kawo mana shafin ciwon sukari manne a ƙirjinsa. Kwamfuta kuwa minti shida ta yi.

A nan na ga abin ya wuce wasa. Da Yaya ta shigo layi da yamma na tare ta na zayyana mata komai. Ba ta yi ihu ba, kuma wanda ya san Yaya ya san gara ta yi ihun. Ta kira Injiniya a waya. Injiniya ta ce tana wani gari tana haɗa wa wata makaranta kwamfutoci, amma za ta kamo motar farko, ƙarfe tara za ta iso. Yaya ta hau sama ta sami mijinta yana jera takardunta bisa ga girmansu.

Ta ce, "Baban yara, kada ka ƙara taɓa ta. Ko ƙura ka gani a kanta, ka bar mata abarta. Injiniya za ta zo ƙarfe tara."

Ya ce, "To."

Ni na san wannan "to" ɗin. Abin da kunnensa ya ji shi ne yana da zuwa ƙarfe tara ya kare mutuncinsa.

Ranar Asabar ƙarfe bakwai da rabi Yaya ta shiga uwar ɗaki ta rufe tana bitar ƙarshe. Ni ina shago na zaunar da Baba mai gida, na fara yi masa aski, sai na hango Mai Leda ta madubi yana saukowa da sanɗa, rungume da akwatin kwamfuta. Ya wuce kai tsaye kantin lemo.

Na ji mai kanti yana cewa, "A cikin firjina?"

"Wa ya sayar maka da shi?"

"Kai ne."

"To na san abin da zai iya. Kwashe lemon nan. In abin nan ya yi, kantinka zai shiga tarihi."

Kafin ka ce me, an jera kwalaben lemo a bakin titi, an cire shantoci, an zaunar da kwamfuta a cikin firji mai ƙofar gilashi. Wayoyi suka hana ƙofar rufuwa, ya sa mai kanti ya jingina da ita da bayansa. Ya ɗora allon a kan bencin jiran shagona. Ya sauko da fankoki biyar ya jera su suna kallon firji, wai don su ƙarfafa masa gwiwa. Duk wannan, da firjin, da injin askina, ya jona su a doguwar soket ɗaya, wadda ita ma tana cikin ledarta.

Na bar Baba da rabin kai na fito na ce, "Yallaɓai, Yaya fa ta ce kada ka taɓa."

"Na taɓa ne? Sauya mata wurin zama na yi. Koma bakin almakashinka, ƙanina, wannan harkar ilimi ce."

Mutane suka fara taruwa. Masu zuwa aiki suka tsaya, matan sama suka leƙo ta baranda, mai babur ɗin jiya ya kashe babur ya ce yau sai ya ga ƙarshe. Mai Leda ya hau kan akwatin lemo ya yi gyaran murya.

"Jama'a, yau za ku ga abin da masu takardu ba su taɓa tunani ba. Sun ce ɗigo ɗaya, na sa sirinji biyar. Sun ce fanka ɗaya, ga biyar, ga firji. Wannan kwamfuta in ta yi zafi yau, ku canza min suna!"

Wata mata daga sama ta ce, "Muna da sunaye a ajiye!"

Ya danna. Allo ya kawo haske, jama'a suka yi tafi. Mai babur ya ɗaga agogo yana ƙirgawa da ƙarfi, kowa ya kama masa. Minti ɗaya! Mai Leda ya ɗaga hannu biyu yana karɓar gaisuwa. Minti biyu! Ya fara bayyana cewa zai buɗe reshe, duk mai kwamfuta ya zo da firjinsa. Minti uku! Mai kanti ya ce bayansa ya ƙage, aka ce ya daure, tarihi ne. Minti huɗu, allo ya yi ɗif.

Mai Leda ya ce, "Ƙyafta ido ta yi."

Bai rufe baki ba soket ɗin ta yi fat! Wani hayaƙi mai warin ƙonanniyar leda ya tashi, fankoki suka tsaya, firji ya yi shiru, wutar ginin gaba ɗaya ta ɗauke. Baba mai gida ya fito daga shagona da ƙyallen aski a wuya, rabin kai fes, rabi daji, yana tambayar wane ɗan albarka ne zai ƙarasa shi. Mai kanti ya saki ƙofa ya ruga ceton lemonsa, ya yi tuntuɓe da waya, kwalabe suka bi gangara. Mai babur ya kwanta a kan babur ɗinsa yana dariya har da hawaye.

Ɗaukewar wutar ce ta fito da Yaya. Ta sauko da littafi a hannu, ta ratsa mutane, ta tsaya gaban firji. Ga kwamfutarta a ciki tana naso, raɓa tana gangarowa a jikinta. Dariyar mutane ta mutu da kanta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo.

Ta ce, "Shekara uku, Baban yara. Ina dawowa daga aiki ƙafafuna a kumbure in zauna in yi karatu, kana gani. Abu ɗaya na roƙe ka."

Muryarta ta karye a ƙarshe. Mai Leda ya sunkuyar da kai, karon farko a tarihi.

Tara da minti goma Injiniya ta sauka daga tasi da jakarta. Ta kalli firji, ta kalli fankoki, ta kalli kan Baba mai gida. Ta ce a tayar da wuta daga babban makunni, a kawo kwamfutar kan teburina, in ba ta injin busar da gashi, da auduga, da sifirit ɗin da nake goge aska da shi. Ta busar da raɓar tas, sannan ta kwance ƙarfen sanyaya ta ɗaga shi.

Jama'a suka ce, "Kai!"

Man toka ne ko'ina. Ya cika saman furosesa, ya tumbatsa, ya gangara gefe, ya yi tudu a kusurwa. Baba mai gida ya leƙa ya ce da ya san akwai mai yaɓe a gidan da bai kira magini ba bara. Injiniya ta yi ta gogewa, auduga tana ƙarewa ina miƙo wata. Da ta zo goge ƙasan sabon ƙarfen sai ta tsaya. Ta kai shi wajen haske. Ta sa farce a kusurwa ta ja a hankali, sai ga wata siririyar leda ta taso, da jan rubutu ɓaro-ɓaro a kanta.

Ta ɗaga ta sama ta ce, "Ga ciwon. An rubuta a cire kafin a ɗora. Da wannan a tsakani, ko cikin ƙanƙara ka binne ta sai ta yi zafi. Ba ka gan ta ba ne?"

Da ya yi shiru da ya tsira, kowa yana mantuwa. Amma Mai Leda ne.

"Na gan ta mana! Makaho ne ni? Sabon ƙarfe fil, shekaranjiya na saye shi, in ɓare masa leda in kuma shafa masa wannan ƙazanta a jiki? Ai ita ta kare shi. Duba ki gani, ko ƙwarzane babu!"

Injiniya ta ƙara duba ledar. "Wannan kuma salatif ne a gefe?"

"Ta so ta ɗago jiya, na mayar da ita."

Layin nan ya kece da dariya. Mai kanti ya zauna a ƙasa cikin lemonsa yana riƙe ciki. Matan baranda suka yi ta dukan juna. Baba mai gida yana dariya, rabin gashinsa yana rawa. Mai babur ya ce a taimaka a riƙe masa babur, shi kam ya gama aiki yau.

Injiniya ba ta yi dariya ba, agogo take kallo. Ta ce, "Tara da rabi ta wuce. A ba ni man. Nawa ya ƙare a makarantar can."

Na kwaso sirinjin da ke aljihun farar rigar Yaya, wadda har yanzu take jikinsa. Biyar, duk an matse su har sun lanƙwashe. Shagon da muka sayo kuwa tafiyar rabin awa ne zuwa kawai. Yaya ta dafa bango. Sai lissafi ya faɗo min.

Na ce, "Yallaɓai, shida muka sayo."

Ya kawar da kai.

"Ina na shidan?"

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Wannan na ajiya ne. Yana cikin kwalinsa, ba a taɓa shi ba. Na sa shi a kabad ɗin gilashi, kusa da kofunan baƙi."

Yaya ta juyo ta yi masa kallo ɗaya. Ban taɓa ganin mutum mai tumbi ya hau bene da irin wannan gudu ba. Ya dawo yana haki, riƙe da kwalin, ledarsa tana ƙyalli. Injiniya ta miƙa hannu, amma bai ba ta ba. Ya dubi kwalin, ya dubi matarsa, ya runtse ido, ya sa haƙori ya yage ledar da kansa. Mutane suka yi masa tafi kamar ya ci ƙwallo.

Injiniya ta ɗiga ɗigo ɗaya a tsakiyar furosesa, daidai ƙwayar wake. Mai Leda ya matso ya ce, "Ko za a ɗan ƙara…" Baki wajen ashirin suka ce masa, "A'a!" Ta ɗora ƙarfen, ta ɗaure kusoshinsa huɗu bi da bi, ta rufe. Muka kwashi kaya muka yi sama, ni da allo, mai kanti da wayoyi. Goma saura minti takwas Yaya ta zauna, kwamfuta ta kama, aka rufe mata ƙofa.

Awa biyun nan ba wanda ya tafi. Muka jeru a kan matakala, ba mai tari. Baba mai gida ya ce a bar sauran askin, ba ya son ƙarar inji ta dame ta. Mai Leda ya zauna a ƙasa ya manna kunne a jikin ƙofa, yana sauraren fankar nan tana juyawa a hankali. Da aka wuce minti ashirin na ga leɓensa yana motsi. Da aka yi awa ɗaya ya ce min a kunne, "Ƙanina, in ta ɗauke, da wane ido zan kalle ta?" Ban tsokane shi ba. Tausayi ya ba ni, don duk haukarsa yana son Yaya.

Sha biyu da minti biyu ƙofa ta buɗe. Yaya ta fito ta ce, "Na gama. Ba ta ɗauke ba." Matakala ta ɗauki sowa. Ita kuwa ta tsallake mijinta ta shiga falo, ta ce in miƙo mata almakashina. Ta fara da doguwar kujera, ƙeeet, daga wannan hannu zuwa wancan. Ta bi sauran. Ta yi talabijin, ta yi agogo, ta tuɓe rimot. Mai Leda yana tsaye yana dafe ƙirji da kowane yanka, amma bai ce a'a ba. Ashe kujerun nan koraye ne, mu duk shekarun nan mun ɗauka ruwan toka ne. Ta nuna masa ɗaya ta ce ya zauna. Ya zauna a ɗarare, ya ɗan motsa, bai ji ƙiiii ba. Ya shafa hannun kujerar ya ce, "Ashe da laushi."

Bayan wata biyu sakamako ya fito, Yaya ta ci, aka kawo mata takardar shaida. Muna falo ana ta murna, takardar tana yawo hannu zuwa hannu, ni kuwa ina lura da Mai Leda. Duk wanda ya taɓa ta sai ya runtse ido, gumi yana karyo masa. Da ta iso hannun Baba mai gida, wanda ya gama cin gyaɗa bai goge hannu ba, sai ya kasa daurewa. Ya matsa kusa da Yaya, ya rage murya kamar mai neman gafara.

"Maman yara, ba don na isa ba. Amma wannan takardar, ko za a ɗan sa mata…"

Yaya ta dube shi, ta dubi takardar, dariya ta ƙwace mata. Ta karɓo ta daga hannun Baba ta miƙa masa.

Ta ce, "Je ka sa mata. Amma ita kaɗai."

Ko takalmi bai tsaya sawa ba.